Ranar da muka shiga Jakara da manjagara

Ni ɗan unguwar Gama ne a Kano, kuma na san warin Jakara tun kafin in san sunan rafin. Daga cikin birni ruwan yake tasowa, ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ya ratsa Fagge, ya wuce mu, ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sannan su tafi su zube a madatsar Wasai ta Minjibir. Can cikin gari an rufe wani sashe da kankare an shimfiɗa titi a kai tun mulkin Kwankwaso na biyu. Mu nan ƙasa a buɗe yake, duk abin da birni ya zubar a ƙofarmu yake yada zango.

Wata damina shara ta toshe ƙasan 'yar gadar unguwarmu, ruwa ya yi baya ya shiga gidaje, har katangar maƙwabcinmu ta zube. A majalisarmu ta bayan isha'i aka yi ta zagin gwamnati, har wani ya ce to mu da muke zubawa fa? Nan aka yanke yin aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tunda daga 7 zuwa 10 na safe ba a zirga-zirga, kowa yana gida.

Mu 23 muka fito, da shebur, da manjagara, da baro biyu na aro. Ni da silifas na shiga, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Daga sama shara ce kawai, amma kana caka manjagara sai ka ji ta riƙe. Ledar fiya wata ce ta yi saƙa da laka, hawa kan hawa, kamar an nannaɗe tabarma. Ƙarƙashinta ga famfas ɗin yara da ya sha ruwa ya yi nauyin bulo, ga tsummokara, ga robar lemo, ga mushen kaza. Mun ciro katifa guda, sai da mutum huɗu suka kama ta. Wajen ƙarfe 9 fasasshiyar kwalba ta tsaga min dunduniya, aka ɗauke ni a babur aka kai ni ɗinki da allurar tetanus.

Abin da ya fi ciwon zafi ya zo ne daga baya. Duk abin da aka ciro a bakin rafin aka tsibe shi, aka ɗau hoto aka sa a Facebook. Akwai wani dattijo mai lambun latas a gefen, da ruwan nan yake ban-ruwa, tun safe yana kallonmu. Da za a watse ya ce, "Samari, sannunku da aiki. Wa zai kwashe wannan?"

Muka ce, "Baba, an yi mana alƙawarin mota ranar Litinin."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "Allah ya sa hadari ya san da alƙawarin."

Daren Lahadi aka kwana ana ruwa. Da safe na dogara sanda na je, babu tsibi ko ɗaya, komai ya koma ƙasan gada. Motar ma ba ta zo ba, ba ranar ba, ba bayanta ba.

Karo na biyu sai muka jira watan Afrilu, ruwa ya ja, laka ta bushe, ana iya taka gaɓa. Kafin a taɓa shebur muka yi karo-karo muka kama a-kori-kura, muka ce da direban ya tsaya a wurin, baro yana fitowa ana juyewa a ciki. Muka sayi safar hannu mai kauri da takalman roba, wanda ba shi da su aikinsa tura baro ne kawai. Muka kira 'yan jari-bola suka ware robobi da ƙarafa, nan take kaya ya ragu, su ma suka samu na cefane. Mai unguwa ya zo ya tsaya, liman ya yi sanarwa tun Juma'a. A ganina tsayuwar mai unguwar nan ta fi shebur goma aiki, don mutanen da suka yi mana dariya a karon farko har kunun zaƙi suka aiko.

Wani abu kuma sai a ranar na gane shi. Muna cikin aiki wani almajiri ya zo da bokitin shara a ka zai juye. Na daka masa tsawa, yaron ya tsaya yana rawar jiki ya ce, "Yaya, Hajiya ce ta aiko ni. Ina zan kai?" Na rasa amsa. Juji mafi kusa da mu tafiyarsa ta fi ƙarfin yaro da kaya a ka, kuma abin da ake ba shi bai wuce ɗumame ba. Shekara da shekaru muna cewa mutane ƙazamai ne, alhali babu inda aka nuna musu su zuba.

Yanzu akwai mai kura da yake zagaya layukanmu uku duk Talata da Asabar, kowane gida yana ba shi ɗan abin da aka yi yarjejeniya. Wasu gidajen suna biya, wasu sai an yi ta sallama. Sharar da take gangarowa daga sama kuwa ba ta fasa ba, jiya ma na ga ta fara taruwa a ƙafar gada ta hagu. Na gaya wa Baba mai lambu, ya ce manjagararsa tana nan a bukka, in zan ɗauka in dawo masa da ita kafin la'asar.