Gwanin kod ma a faɗa mashi gaskiya

Mu masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kod ɗinta (rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi) ke fili kowa na iya dubawa ya gyara ya ƙara, kusan dukkanmu kyauta muke yi, ba albashi ba alawus, data daga aljihunka, in an ɗauke wuta ka je shago ka biya a yi maka caji. To wanda ya zo a haka mi zai riƙe shi in ba mutunci ba? Ranar da anka ci mashi fuska ba zai tsaya rigima ba, fita kawai zai yi, sai bayan wata biyu wani ya ce af, wai ina wane?

Nan Birnin Kebbi muna da wani ɗan guruf na WhatsApp, akwai 'yan Jega da Argungu da Yauri a ciki, muna haɗa manhajar da za a riƙa sa farashin shinkafa da albasa na kasuwanni da Hausa. Kwanan baya wata ƙanwarmu ɗaliba ta tura gyaranta na farko a GitHub, shafin da muke ajiye kod muna aiki tare, ɗan ƙaramin abu ne, wani maɓalli da baya fitowa daidai a ƙananan wayoyi. Gaskiya akwai kuskure a ciki, to sai mi, waye baya kuskure a farko. Wanda ya fi kowa iya aikin a cikinmu ya ɗauki sikirinshot ya jefo guruf ya rubuta "wanga shirme fa? ki koma kicin mana", mutane sunka bi da sitika na dariya. Daren nan kuma wani daban ya ɗauki lambarta daga guruf ɗin ya fara bin ta inbos, ina kike zaune, turo hoto in gani, ta yi mashi bulok ya dawo da wani layi.

Na kira admin, wanda ya girme ni kuma ina ganin girmanshi, na ce Yaya ka ga abin da anka yi ma yarinyar nan? Ya ce "ƙanena kai ma ka san halinshi, bakinshi ne kawai amma zuciyarshi fes, in ya yi fushi ya tafi wa zai riƙe mana saba, kwamfutar da manhajarmu ke zaune a kai? Ka ce mata ta yi haƙuri." Wallahi maganar nan ta fi zagin ci mani rai. Kullum wanda anka zalunta shi ake aika ma haƙuri, wanda ya yi zaluncin ko kira ba a yi mashi ba, don yana da abin da muke buƙata. Mai bin ta inbos kuwa cewa anka yi ai wannan ba a guruf ya faru ba, tsakaninsu ne. A ina ya samu lambar in ba a guruf ba?

Kuma kada wani ya ce wai mu ne ba mu waye ba, manyan ma sun sha wannan. Linus Torvalds da ya fara Linux, babbar buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 ya shekara da shekaru yana zazzaga ma masu turo gyara masifa a bainar jama'a ana cewa ai haka yake. A 2015 barin aikin Linux ya zama dole ga Sage Sharp, ɗaya daga cikin masu kula da kod ɗinta, saboda irin maganganun da ake yi a wurin. Sai a Satumbar 2018 Linus da kanshi ya fito ya ba da haƙuri, ya ɗan ja gefe kamar wata guda, Linux ta ɗauki rubutacciyar dokar zaman tare. Linux ɗin bata rushe ba, har yanzu ita ce ƙarƙashin Android ɗin da ke hannunka. A binciken da GitHub ta yi a 2017, mata kashi 3 ne kacal cikin 100 na waɗanda sunka amsa, rabin mutanen sun ce sun ga ana wulaƙanta wani, kuma kashi 21 na waɗanda anka yi ma ko sunka gani sun daina ba aikin gudummawa. Lura da kyau, har da waɗanda sunka gani kawai. Masu shiru a guruf ɗinmu suna kallo, kowa na lissafin ko shi ma ranar da ya tura nashi haka za a yi mashi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke ɗauke da ita kyauta, wasu asusu da ba a san ko su waye ba sunka taso shi gaba da gori da matsi, baka komai, ka ba wani aikin, har ya faɗa masu yana fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa basu sassauta ba. A ƙarshe wani mai kiran kanshi Jia Tan ya samu iko a aikin ya dasa ɓoyayyar ƙofar kutse, sai a Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano. Cin zarafin mai kula da aiki da anka bari ya wuce shi ya taimaka wajen buɗe hanya.

Dokar da Linux ta ɗauka daga Contributor Covenant ta samo asali, wata dokar zaman tare ta masu buɗaɗɗiyar manhaja wadda Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. Sigar da ta biyo baya ta zo da matakai: a fara yi ma mutum gyara a keɓe, in ya sake a yi gargaɗi, sannan dakatarwa na ɗan lokaci, sai kora in abin ya zama hali. Ni abin da ya burge ni shi ne matakin farko, a keɓe, don mu ma ai haka munka taso, nasiha ba a tsakar kasuwa ake yin ta ba. Amma kwafo fayil ɗin a manna a GitHub aikin minti biyu ne, da yawa sun manna sun bar gurbin adireshin kai ƙara a yadda yake, babu kowa a bayanshi.

Abin da nake so a namu, mutum biyu su riƙa karɓar koke, ɗaya mace, don ba kowace yarinya za ta iya tura ma namiji irin saƙon da ake turo mata da dare ba, kunya ma ba za ta bari ba. Kada a tilasta mata zaman sulhu gaba da gaba da wanda ke damunta, kada a fallasa sunanta. In ƙorafin a kan admin ne, ya ja gefe. Mai sukar kod ya soki kod ɗin, ya ce layi kaza ne matsala ga yadda za a yi, ba sai ya taɓa jinsin mutum ko garinsu ko Turancinshi ba. Sannan mu koma Telegram inda mutum ke iya ɓoye lambarshi, mu kuma koya ma wani riƙon sabar, kada a sake ce mana ba a iya taɓa wane.

Ran Asabar muna da haɗuwa bayan la'asar, zan kawo maganar gaban kowa har da shi gwanin namu, kuma zan nemi ya ba ta haƙuri a guruf ɗin da ya ci mata fuska. Gyaran nata yana nan a buɗe ba a rufe ba, layi biyu kawai ya rage a daidaita a haɗe shi da sunanta.