Saura ƙiris na kashe injin da yake lafiya lau

Wallahi har yanzu in na tuna hannuna na hagu a kan libar nan mai ƙara wa injin jirgin sama wuta ko rage ta, sai gabana ya faɗi. Daga Jidda muka tashi da asuba, Boeing 737 cike da 'yan Umara, ni ke tuƙi, Kyaftin yana sa ido. Dattijo ne Bahaushen Sudan, in ba a bakin aiki ba Baba nake ce masa.

Mun ɗaga kenan ko tayoyi ba su gama shigewa ba sai ji muka yi gwaf! Tsuntsu ne ya faɗa injin dama, jirgi ya fara karkarwa, hancinsa ya karkata dama. Na danna fedar hagu, wadda ke juya hancin jirgi hagu, da ƙarfi ya miƙe, wannan kam jiki ya saba tun a na'urar horo.

Inda na yi ɓarna shi ne ƙafata ta hagu ce ke ta aiki, sai kawai kaina ya ɗauka matsalar a hagu take. Alhali tun ranar farko ake koya mana ƙafar da ke hutawa ita ke nuna injin da ya mutu. Ban kalli allo ba, ban ce uffan ba, ko nisan ƙafa 400 daga ƙasa ba mu kai ba wanda ƙa'ida ce kafin nan ba a taɓa komai sai tuƙi, na kai hannu kan libar hagu zan ja ta baya. Kyaftin ya damƙe min wuyan hannu, ya manta da Turancin aiki ya ce "Kai yaro, dakata! Wanne ne? Duba ka faɗa min." Na duba, allurar injin dama ta zube, zafinsa ya shiga ja. Na hagun da na kama shi kaɗai ke riƙe da mu.

Haka fa aka yi a Kegworth ta Ingila a 1989, injin hagu ya lalace suka kashe na dama, mutum 47 suka rasu. Na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa, amma ranar hannuna ya riga idona.

Sauran duk ya tafi daidai, muka kira Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, muka zagayo muka sauka da nauyinmu tunda 737 ba ta zubar da mai, 'yan kwana-kwana suka duba birki.

Ƙannena masu koyo, don Allah jirgi mai inji biyu an gina shi ya ci gaba da hawa ko da inji ɗaya ne ya rage, ba abin da ke korar ka. Ka faɗi sunan injin da baki, ɗan'uwanka ya duba ya amsa, sannan ka taɓa. Ni yanzu ko a horo sai na nuna allon da yatsa tukuna. Da muka shiga mota na ce Baba ka yafe min, ya ce gobe da safe in same shi mu sake bin takardar matakan da ake bi in inji ya mutu daga farko.