Taubashina da dokar Utah

Maƙwabciyata a Salt Lake City, babban birnin jihar Utah a Amurka, dattijuwa ce 'yar cocin Mormon. Idan ta shigo wurina, ni in sha shayi, ita ta sha ruwan lemo, don addininsu ya hana shayi da gahawa. Ranar nan ta tsaya gaban hoton bikinmu ta tambayi inda na haɗu da maigidana. Na ce ai ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara muke rigima kan kuɗin shara.

Matar nan ta ajiye kofi ta zuba mini ido.

Ashe a Utah doka ba ta yarda 'ya'yan wa da ƙani su yi aure ba sai dukansu sun kai shekara 65, ko 55 idan kotu ta tabbatar ba za su haihu ba. Wato sai an tabbata babu suna, babu zanen goyo. Na so in yi dariya, ganin cewa cocinsu bai daina auren mata da yawa ba sai a 1890.

Amma da ta kawo zancen Short Creek, dariyar ta koma ciki. Can ne kan iyakar Utah da Arizona, garuruwan Hildale da Colorado City, inda 'yan ɗarikar FLDS, waɗanda suka ɓalle daga cocin Mormon suka riƙe auren mata da yawa, suka daɗe da zama. Yawancinsu jikokin mutum biyu ne, John Y. Barlow da Joseph Smith Jessop, kuma sun yi ta aurar da juna, zuriya bayan zuriya, ba a shigo da bare. Wata cutar gado mai wuyar samu a duniya, ƙarancin sinadarin fumarase, ta yi musu yawa: yaro ya taso da farfaɗiya, wani ko zama ba ya iyawa. Shugabansu Warren Jeffs, wanda Texas ta yi wa ɗaurin rai-da-rai a 2011, ya taɓa ɗaura wa yarinya 'yar 14 aure da taubashinta tana kuka.

Na ce mata ni ba wanda ya tilasta mini, kuma sai da muka yi gwajin sikila kafin a kai kayan lefe. Abin da ban faɗa mata ba shi ne iyayena ma auren zumunci ne.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To su wa suke aura, baƙi?"