Ƙananan lasifikun ɗaki: inda gwaji ya kai a zafin Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyo. Aikin wannan zango ya tsaya kan ƙananan lasifikun nan da ake ɗorawa bisa kanta ko bisa ƙafafu, waɗanda masu gyara a kasuwar Katako ke kira bafle. Kashi uku ne a teburin gwaji, kowane kashi guda biyu. Na farko mai faranti (zagayayyen abin nan na gaba da ke motsi ya fitar da sauti) santimita 16.5 ne, da ramin iska a baya. Na biyu rufaffen akwati ne mai faranti santimita 13. Na uku yana da ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsa, wuta kawai ake jona masa. Ɗakin gwajin mita 4 ne da mita 3.5, bangon siminti, daɓen karo, rufin kwano da silin, wato irin falon da yawancinmu ke da shi.

Mu fara da lambar da ke jikin kwali, don ita ce ke cin kuɗin mutane. In ka ga an rubuta wat 2000 ko 3000 tare da haruffan PMPO, ka kawar da kai, lambar talla ce kawai. Wadda za a duba ita ce RMS, ita ma abin da take faɗa shi ne yawan wutar da lasifika ke jurewa kafin ta ƙone. Ba ta faɗin ƙararta, balle daɗinta. Ƙara tana cikin wata lambar, wadda ake rubutawa kamar 86 dB/W/m: in an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1, ƙarar da za ta fita ke nan. Yawancin ƙananan lasifika tsakanin 84 da 88 suke. Kowane ƙarin 3 dB na cin ninkin wuta, don haka mai 85 sai an ba ta wat 40 kafin ta kamo abin da mai 88 ke yi da wat 20.

A ɗakinmu lissafin ba wuya. Lasifika mai 86, ampili mai wat 20 ya ƙara mata 13, ta kai 99. Zama a nisan mita 2 ya cire 6, saura 93, ta biyun da bangon ɗaki su mayar da wani abu. Wannan ƙarar ta isa maƙwabci ya leƙo ta katanga, kuma ta wuce 85 ɗin da ke lalata kunne in an daɗe a cikinta kullum. Wat 20 zuwa 50 na gaskiya sun wadatar da falo irin wannan.

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa ga Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin lasifika na KLH a Amurka: ƙaramin akwati, bas mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu za ka samu, ɗaya sai ta kuɓuce. Shi ya sa LS3/5A, ƴar ƙaramar da BBC ta tsara a shekarun 1970 don aikin sauraro a wuri mai matsi, ta yi suna wajen fito da muryar mutum amma ba ta da ƙara sosai, bas ɗinta ma bai sauka ƙasa ba. Duk mai sayarwar da ya ce maka ƴar ƙaramar tasa ta haɗa ukun, cika baki ne.

Yanzu ga abin da ya fi cin lokaci, duba kayan gwanjo. Banza ba ta kai zomo kasuwa, lasifikar da ta yi araha fiye da ƙima akwai abin da ya kawo ta. Ka tafi da abu uku a aljihu: mitar awon wuta, batir mai volt 1.5 da gajerun wayoyi biyu, da tocila.

Ka cire rigar gaban ka fara da zoben da ke kewaye da farantin. In na soso ne, taɓa shi da ɗan yatsa a hankali. Soso ya tsufa, zafi ya gasa shi, sai ya riƙa marmashewa ko ya manne a hannu kamar ƙaro. Na roba ya fi jimirin yanayinmu, sai dai shi ma yakan taurare ya tsattsage, tocila ke nuna tsagar. Daga nan ka baza yatsu huɗu kewaye da tsakiyar farantin, ban da ƙullin tsakiya, ka danna daidai wa daida. Ya shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙurus-ƙurus, bobin ɗin, wato naɗin wayar da ke bayan farantin, na gugar ƙarfe, ko dai ya taɓa yin zafi ya kumbura, ko ƙura da tsatsa sun shiga ratar. A bar wannan sai in kai mai naɗi ne.

Sa mitar awon wutar a kan om, ma'aunin turjiyar wuta, ka taɓa bakin wayoyin baya. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna wajen 5.5 zuwa 7, mai om 4 kuma wajen 3. Ba lahani ba ne, haka awon yake fita. Abin lura shi ne guda biyun su yi kusan daidai. In ɗaya ta nuna 6 ɗaya 3.5, an sauya wa ɗaya faranti ko an yi mata naɗi. Batir kuma, ka taɓa kansa mai alamar + ga jan baki, ƙasansa ga baƙin baki, taɓawa ɗaya ka ɗage: farantin ya yi tsalle waje. In na ɗaya ya fito na ɗaya ya shige, an juya waya a ciki. Kashinmu na biyu da wannan matsalar ya zo, minti biyar da ƙarfen dalma ta warware.

Ga inda da yawa ke ruɗuwa. Mita da batir babban farantin kawai suke gwadawa. Ƴar ƙaramar ta sama, tuwita, akwai wani ɗan kayan wuta da ake kira kondansa a gabanta da ke tare wutar batir, ko ta mutu ba za ka gane ta wannan hanya ba. Sai an kunna sauti ƙasa-ƙasa ka kai kunne dab da ita, ta hagu sannan ta dama. In ɗaya ta dusashe, wani lokaci ruwan sanyaya bobin da ake sa wa wasu tuwita ne ya kafe, wani lokaci kondansan ne ya gaji.

Ƙwanƙwasa akwatin da gaɓar yatsa. Ya amsa a daƙile kamar kututture. In ya yi kuwwa kamar ƙwarya, katakon siriri ne, zai riƙa rera tasa waƙar a kan taka. Duba gindinsa ko ruwa ya kumbura shi ko gara ta taɓa. Ka haska tocila cikin ramin iska: a namu na farko gidan zanzaro muka tarar ya toshe kusan rabin bututun, bas ɗin na fita da huci kamar mai mura.

Ramin nan ba ado ba ne. Tsayinsa da faɗinsa an lissafa su da girman akwatin, lissafin da injiniya Neville Thiele ya buga a 1961, injiniya Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Saboda haka kada a ɗauki faranti kowane iri a cusa cikin akwatin wani don kawai mazaunin farantin ya yi daidai da shi. Haka ma gyaran zobe: ba a liƙa shi da gam mai taurarewa, ba a yanka tsohon tib a maye gurbinsa. A nemo zobe daidai girman, a kankare tsohon gam a goge da alkol, a fara manna gefen ciki, ya kama, sannan na waje ana dannawa ana sauraron guga, a bar shi kwana guda.

Wajen sauraro kuwa, a nan ji ne ya kori gani. Amma kunne na da rauni ɗaya: wadda ta fi ƙara ko da kaɗan, ita yake ɗauka ta fi daɗi. Kafin a kwatanta biyu, a daidaita ƙararsu da manhajar awon sauti ta waya, wayar na ajiye wuri ɗaya. A fara da muryar mai karanta labarai, don ita kunne ya fi sani. Ta tsaya a tsakiya, kada ta yi kamar daga cikin tulu take fita, kada harafin s ya riƙa yankar kunne. Sai gurmi ko molo, a ji tsinkar kowace tsirkiya daban. Kalangu na nuna ko farantin na tsayawa da wuri bayan bugu. Goge da algaita su ke tona asirin tuwita mai kaifi, minti goma sun isa ka ji kanka ya ɗau zafi. Bas kuma, mafi kaurin sautin jitar bas mai tsirkiya huɗu 41 Hz ne (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), ƙananan lasifika da yawa kuwa tun daga 50 ko 60 suke fara janyewa. In takarda ta ce 45 Hz zuwa 20 kHz ba ta ƙara ±3 dB ba, ba ta faɗi kome ba.

Abin da ya fi sauya sakamako a gwajin nan shi ne wurin ajiyewa. Kashi na farko da aka tura cikin kanta jikin bango, bas ya taru ya zama gunji ɗaya, murya ta nutse. Aka fito da shi bisa ƙafafu, ramin baya ya bar bango da santimita 30, sai ka ce an sauya kaya. Rufaffen bai damu sosai ba, santimita 10 ta ishe shi, don haka wanda ba shi da fili sai kanta, rufaffe ko mai rami a gaba ya fi masa. In mai ramin baya ka riga ka saya, cusa soso ko naɗaɗɗiyar safa cikin ramin, bas zai ragu amma zai tsabtace.

Shi kansa ɗakin yana da sautin da yake kumburawa. Raba 343, wato mitocin da sauti ke yi a daƙiƙa ɗaya, da ninkin tsayin ɗaki: mita 4 ta ba 43 Hz, mita 3.5 ta ba 49 Hz. (A zafin watan Afrilu sauti ya fi sauri, lambar na ɗan hawa, ba abin damuwa ba.) Jikin bango sautin nan ke taruwa, a tsakiyar ɗaki kuma ya ɓace, shi ya sa kujera ba ta zama a ɗayan biyun. Mun sa mita 2 tsakanin lasifikun, mai sauraro kimanin mita 2 daga kowace, bayansa mita 1.5 zuwa bango, an ɗan karkato su zuwa gare shi. Tuwita ta daidaita da kunne: wajen santimita 95 ga mai zama kan kujera. Wanda zamansa kan tabarma ne ko katifa, ya sauko da su wajen santimita 65 zuwa 70, in ba haka ba sautin saman kansa zai riƙa wucewa. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In ka ji tsirrr na bin tafin, karo da siminti ne, kafet mai kauri tsakaninka da lasifikun da labule mai nauyi a gefe sun kashe mafi yawansa.

Waya ba ta buƙatar dogon zance. Ta jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² ta isa har mita 5, in ya fi haka a ɗauki 2.5. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Ampili kuwa, ƙarami da aka murɗa har ƙarshe ya fi babba kashe tuwita, don sautin yana yankewa a sama, kaifin ya tafi wajenta. Da zarar murya ta fara tsagewa a rage. Kada a haɗa lasifika biyu a baki ɗaya ba lissafi, om 8 biyu a haɗe om 4 ne, ampilin da ba a yi shi don haka ba zai ɗau zafi. Wutarmu volt 220 ce, a karanta bayan kayan gwanjo kafin a jona, na Amurka 120 ne, na Japan 100. In an ɗauke wuta a kashe ampili nan take, dawowarta ce ke ɓarna. Kashi na uku a nan ya fi rauni, in ampilin cikinsa ya ƙone duka ya zauna, bayansa kuma na zafi ƙwarai in ɗaki ya haura digiri 40. Masu sola, ƙaramin ampili mai cip ɗin da ake kira TPA3116 na aiki da volt 12, amma a lasifikar om 8 wajen wat 9 kawai zai bayar, sai an kai shi volt 24 yake buɗe murya. Kada kuma a haɗa baƙaƙen wayoyinsa na hagu da dama wuri ɗaya.

Inda aka tsaya: rufaffen ne ya zauna a kanta, mai ramin baya yana bisa ƙafafu an cika bututun ƙafafun da busasshen rairayi, dukansu an yi musu rigar yadi saboda ƙurar hunturu. Zango mai zuwa za a buɗe filtar kashi na biyun, wadda ke raba sauti tsakanin faranti da tuwita, a sauya kondansansa, wanda zai bi aikin ya tanadi ƙarfen dalma, kuma ya rubuta lambar da ke jikin tsohon kafin ya cire shi.