Ƙurjin da ke ɓuya cikin tsoka

Maraɗi, Laraba.

Da safe aka kawo yaro ɗan shekara bakwai daga wajen Tibiri, zazzaɓi kwana goma sha biyu, yana ɗingishi, cinyar hagu a kumbure. A ƙauye gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ya sha magani, jiki bai sauka ba. Da damina yara da yawa na ɗauke da wannan ƙwayar a jini, sai hankali ya tsaya nan, ƙafa kuwa ba a taɓa ta ba.

Fata ba ja, ba bakin maruru, amma tsoka ta yi tauri kamar itace. Piyomiyozit ke nan, wato ƙurji a cikin tsoka, kuma a ƙasashen zafi ƙwayar cuta mai suna stafilokok ke haddasa kusan tara cikin goma. Da farko babu mugunya, maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai kan isa. Tsakanin kwana 10 da 21 take taruwa can cikin nama, shi ya sa mai jiran wurin ya nuna kafin ya yi wani abu yana jiran cutar ta shiga jini ne.

Ekografi, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar sauti, ta nuna aljihun mugunya. Aka zuƙo kaɗan da allura don gwaji, aka tsaga, aka wanke, aka bar roba tana tsiyayar da saura. Aka sa masa kloksasilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya, miligiram 50 a kowane kilo duk awa shida. Nauyinsa kilo 20, giram ɗaya ke nan. In ya samu sauƙi a koma na sha, jimilla mako uku zuwa huɗu.

Kakarsa ta ce, "Likita, da sakiya aka yi masa fa?" Na ce, "Inna, ƙarfen ba ya kaiwa inda mugunyar take, sai dai ya ƙara masa wani ciwon."

Ba cutar ƙasarmu kaɗai ba ce. A Faransa, Ingila da Amurka yara lafiyayyu ma na kamuwa, sau da yawa bayan motsa jiki mai tsanani. Tasu ta fi kama tsokokin cikin ƙugu, inda ido ba ya ganin kumburi, sai a zaci gaɓar kwatangwalo ce ta kamu, har sai hoton IRM, na na'urar maganaɗisu, ya bambance. A Amurka kuma akwai stafilokok da ba ya jin kloksasilin, sai wasu magungunan, bankomisin ko klindamisin.

Yaronmu ya ci tuwo kaɗan da dare. In zazzaɓi ya wuce kwana uku bai sauka ba, za a sake ekografi a nemi aljihu na biyu, har a ɗaya cinyar.