Yadda muka bi gasar zakarun mata ta 2024 daga Garwa

Ina koyar da motsa jiki a wata makarantar sakandare a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da yamma kuma ina horar da 'yan mata ƙwallo, yawancinsu 'yan shekara 13 zuwa 17. Ƙungiyar unguwa ce, ba mu da mai ɗaukar nauyi, filinmu ma na aro ne. A Nuwamban 2024 na sa yaran nan gaba muka bi gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka tun daga wasannin rukuni har ranar ɗaga kofi, na kuma ce musu wannan kallon yana cikin atisaye, wadda ta ƙi zuwa daidai take da wadda ta ƙi zuwa fili.

Dalilina shi ne yaran sun san Mbappé, sun san Vincent Aboubakar da ya tashi a Coton Sport ɗinmu, amma da na tambaye su wace ce ta taɓa zama ta kalli mata suna buga minti 90 cur, ba a samu ko ɗaya ba. Gidan kallo ba wurin 'ya mace ba ne a unguwarmu, a gida kuwa idan an kunna talabijin don ƙwallo, to ta maza ce. Suna jin sunan 'yan wasan Kamaru Ajara Nchout da Gaëlle Enganamouit, sun ga guntun bidiyon ƙwallon da Ajara ta zura wa New Zealand a 2019, shi ke nan.

Yayata ce ta ba mu tsakar gidanta da talabijin ɗinta. Muka haɗa waya da talabijin, kowace yarinya tana kawo dala ashirin, wato sefa ɗari, na data. Wuta takan ɗauke, intanet takan tsaya ana tsakiyar hari, wannan duk mun saba. Matsalar gaske ita ce lokaci: wasa ya faɗo da magariba ko bayan isha'i, alhali iyaye sun ba ni 'ya'yansu ne a kan su koma gida kafin a kira salla. Irin waɗannan wasannin sai mu kalle su washegari, da sharaɗin ba mai duba sakamako. Sharaɗin bai cika aiki ba. Daga fuskar yarinya kina gane ta riga ta leƙa wayar yayanta.

Gasar kanta ba ta daɗe ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara ta a 2021 a Alƙahira, inda Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta doke Hasaacas Ladies ta Ghana 2-0. A 2022 AS FAR ta Maroko ta lallasa Sundowns 4-0 a Rabat, a 2023 Sundowns ta karɓe kofinta a Kodebuwa. Ƙungiyoyi 8 ne ke zuwa: mai riƙe da kofi, da zakarar ƙasar da ta karɓi baƙunci, da shida da suka tsallake wasannin share fage na yankuna. Ta 2024 a Maroko aka yi ta, a Kasabalanka da El Jadida, daga 9 zuwa 23 ga Nuwamba.

Ina cikin rubuta sunayen ƙungiyoyin a allo sai ƙaramarsu ta ce, "Malama, ina ta Kamaru?" Dole na yi bayani. Yankinmu na tsakiyar Afirka, UNIFFAC, wanda ya haɗa mu da Chadi da Gabon da Kwango biyu da sauransu, gurbi ɗaya gare shi. Malabo Kings ta Ikwatoriyal Gini ce ta je a 2021, TP Mazembe ta Lubumbashi a Kwango Kinshasa a 2022, Huracanes, ita ma ta Ikwatoriyal Gini, a 2023, sai Mazembe ta sake a 2024. Ƙasar da matanta suka ci Ekwado 6-0 a gasar duniya ta 2015, suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Yawunde a 2016, ba ta iya tura ƙungiya ko ɗaya ba a waɗannan shekaru huɗu. Yaran suka yi tsit. Ni ma abin yana ci mini rai, amma ba abin mamaki ba ne: 'yar wasanmu da zarar ta yi fice sai ta fice waje, ƙungiyoyin gida su koma neman wata.

Tun da babu tamu, sai tsakar gida ta rabu biyu. Masu dangi a Yola da Mubi suka kama Edo Queens ta Najeriya, sauran suka ce Mazembe ce ta yankinmu. Yayata, wadda har yau ba ta yafe ƙwallon da Desire Oparanozie ta Najeriya ta ci mu a wasan ƙarshe na 2016 ba, ta ce ita duk wadda za ta kara da 'yan Najeriya ita take goya wa baya.

Na ba kowace yarinya takarda da aiki guda: ta zaɓi 'yar wasa ɗaya da ke buga gurbinta, ta bi ta da ido, musamman lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarta. Wannan ya ba su wuya fiye da gudu a fili. Ido ƙwallo yake bi, kamara ma haka. Sai da na riƙa tsayar da hoton ina tambaya, "Ina taki take yanzu? Me ya kai ta can?" Mai buga mana baya ta hagu, yarinya mai ƙarfi da ba ta san komai ba sai cira ƙwallo gaba, ta zauna gwiwa biyu dab da talabijin, biro a baki. Can ta juyo ta ce, "Malama, tawa kafin ƙwallo ta zo mata sai ta waiga baya. Kullum sai ta waiga." Na yi shekara ina faɗa mata ta duba kafin ta karɓa, bai shiga ba sai ranar da ta gani da idonta. Idan wani zai gwada irin abin da muka yi, to kar ya bar yara su zauna hannu sake suna ihu kawai. A ba su abin dubawa guda ɗaya, kar ya wuce ɗaya.

Wasan da ya fi tsaya mini a zagayen rukuni shi ne na Edo Queens da Sundowns. Masu riƙe da kofi sun riga sun sha kashi 1-0 a hannun FC Masar ta Masar, don haka wasan na a mutu ko a yi rai ne a gare su. Su suka fara ci, suka riƙe har minti 90 ya cika. A cikin mintunan da alƙaliya ta ƙara Edo ta farke, ta kuma ƙara ta biyu. Sundowns, mai kofi biyu, ta koma gida tun daga rukuni. 'Yan ɓangaren Yola suka cika unguwa da guɗa har maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko haihuwa aka yi.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe, Edo da Mazembe, abin ya juya. Edo ta ci bayan hutun rabin lokaci ta hannun Emem Essien, tana gaba har ana dab da tashi, sai Merveille Kanjinga ta farke wa Mazembe. A ƙarin lokaci Edo ta zube, aka tashi 3-1. Na sa aka mayar da minti goman ƙarshe muka sake kallo a hankali. Ba wata dabara ce ta ɓoye ba. 'Yan tsakiya sun daina komowa da sauri, tazara ta buɗe tsakaninsu da 'yan baya, wadda a minti 20 za ta bi abokiyar karawarta yanzu sai ta miƙa ƙafa daga nesa. Ƙungiyar da ta ci wasu da numfashi ita ma numfashi ne ya ci ta.

Daren nan na daɗe ina lissafin namu. Yarana suna da ƙafa, wasu a cikinsu na rantse ba su gaza 'yan matan da muka kalla a wajen sarrafa ƙwallo ba in aka yi la'akari da shekaru. Amma atisayenmu yana farawa bayan la'asar, ya ƙare kafin magariba. In an cire jiran masu makara da kafa raga, abin da ya rage bai kai awa ɗaya ba. Yarinya ta taso makaranta, ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa, wata ma tun kunun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ba su taɓa buga minti 45 sau biyu ba. Da an kai su irin wancan fili, rabin farko za a ce ina aka samo waɗannan, rabi na biyu kuwa a tausaya musu.

A tsakiyar gasar ne mahaifin mai tsaron ragarmu ya zo da kansa ɗaukar 'yarsa. Ya tsaya a zaure, na fita na durƙusa muka gaisa. Ya ce, "Malama, na yarda da motsa jiki. Amma wannan da kike nuna musu, ina zai kai su? Gobe ta ce mini za ta fita duniya da gajeren wando." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ka ba ni minti ɗaya." Na buɗe waya na nuna masa hoton Nouhaila Benzina, 'yar bayan AS FAR, wadda ta buga wa Maroko gasar duniya ta 2023 da hijabinta da dogon wando, ita ce ta farko da ta yi haka a gasar manya. Na gaya masa tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa don bai zo da tabarau ba, ya daɗe yana dubawa. Bai ce ya gamsu ba. Cewa ya yi, "Ta dawo kafin magariba," ya tafi. Tun daga nan na daina dogon bayani da iyaye maza. Hoto ɗaya, da alkawarin lokaci wanda ba na saɓawa, sun fi mini aiki.

Wasan ƙarshe AS FAR ce da Mazembe a El Jadida. FAR tana gida, ta kuma doke Mazembe 3-1 a rukuni, don haka kowa ya ba ta kofin. Tun farkon wasa Mazembe ta samu fenareti, Marlène Kasaj ta zura, daga nan suka kulle gida har aka busa tashi. Ba wasa ne mai daɗin kallo ba, amma 'yan bayana sun cika takardunsu. Abin da ya fi burge yaran shi ne mai horar da Mazembe, Lamia Boumehdi, mace ce, kuma 'yar Maroko, ta zo ƙasarsu ta ɗauke kofi. Ita ce mace ta farko da ta ci gasar a matsayin koci. Wata ta dube ni ta ce, "Malama, saura ke." Na ce ta fara zuwa atisaye a kan lokaci tukuna.

Ladan kofin a 2024 dalar Amurka 600,000 ne, sama da sefa miliyan 350. Yaran kuɗin suka riƙe, ni kuwa wani abu na lura da shi. Ƙungiyoyi ukun da suka ci kofin zuwa wannan kakar, Sundowns da FAR da Mazembe, duk reshe ne na manyan ƙungiyoyin maza masu fili da likita da mota da albashi. Ta matan Mazembe a 2020 aka kafa ta, cikin shekara huɗu ta zama zakarar Afirka. Ba wai matan Lubumbashi sun fi na Garwa iya ƙwallo daga haihuwa ba ne. An ɗora su ne a kan gini da ya riga ya tsaya. Mu a Arewa ga kuma nisa: manyan ƙungiyoyin mata na Kamaru a Yawunde da kewayenta da Duwala suke, daga Garwa sai ka yi mota zuwa Ngaundare, ka kwana a jirgin ƙasa, tafiyar kusan kilomita 1,000. Garin da ke da filin Roumdé Adjia, wanda ya ga Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka ta maza da Al Ahly ta Masar a 2008, ya isa ya riƙe ƙungiyar mata ta gaske. Wannan ba a hannuna yake ba.

Abin da ke hannuna shi na taɓa. Na ƙara atisayen safiyar Asabar, muna farawa da gari ya waye, don a Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce maki 40, gudu da la'asar zalunci ne. Ranar Asabar wasa cikakke muke yi, muka faro daga minti 25 sau biyu muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Dala ashirin ɗin data ba mu daina karɓa ba, ta koma kuɗin ƙosai da kunun gyaɗa, kuma ba mai shiga fili sai ta karya. Bugun fenareti na mayar da shi ƙarshen atisaye, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, saboda Edo a fenareti ta rasa matsayi na uku a hannun FC Masar, kuma wadda ta gaji ba ta bugu irin na wadda ta huta.

Wahalar da ta rage ita ce abokan karawa. Numfashin minti 90 ba ya samuwa sai da wasa na gaske a kai a kai, ƙungiyoyin 'yan mata kuwa a kusa da mu ba su da yawa, kuma kowace tafiya kuɗin mota ne da neman izinin gida-gida. Na shirya da wasu malaman motsa jiki biyu muna karɓar juna bi da bi, wani lokaci kuma mu kara da yara maza 'yan ƙasa da shekara 13, da iznin iyaye. Yanzu muna kan minti 40 sau biyu. Manyan cikinsu uku sun tsaya saboda jarrabawa, ɗaya an sa mata rana, don haka layin bayan da na gina a kan takardun Nuwamba sai na sake shi da ƙananan, waɗanda har yanzu minti 30 ke kayar da su.