Yawan lis a Pi-hole ba shi ne gwaninta ba

Duk wanda ya haɗa Pi-hole a gida, wato manhajar da ke toshe talla a duk na'urorin da ke kan netwok ɗin gidan, abin da yake fara yi shi ne tara lis na toshe talla, ya ga adadin sunayen da aka toshe da ke dashbod ya haura miliyan biyu sai ransa ya yi fari. Ni dai wallahi ban yarda da wannan tsarin ba.

Pi-hole ɗin nan, wanda Jacob Salmela ya fara a 2014, a matakin DNS yake aiki, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa: waya ko talabijin ta tambayi adireshin wani shafi, in sunan yana cikin lis sai a hana ta, shi ke nan. Ba ya ganin abin da ke cikin shafin, suna kawai ya sani. Shi ya sa ko lis ɗari ka zuba tallan YouTube ba zai tafi ba, tunda tallan da bidiyon daga waje ɗaya suke fitowa.

Lis ɗin StevenBlack da yake zuwa da shi ya ishi yawancin gidaje, in kana son ƙari ka ɗauki guda ɗaya mai kyau irin OISD ko HaGeZi, waɗanda masu su ke bi suna cire abin da aka toshe bisa kuskure. Amma in ka kwaso duk abin da ka gani a intanet, gobe manhajar banki ta ƙi buɗewa ko saƙon shiga wani shafi ya maƙale, mutanen gida su ce netwok ne ya lalace, kowa ya kashe wifi ya koma datar wayarsa, ga kuɗi na tafiya ga tallan ya dawo.

Inda aikin yake shi ne Query Log, wato jerin sunayen da na'urorin gida suka tambaya. Ka zauna ka duba wace na'ura ce ke yawan kiran wane suna, musamman talabijin mai intanet, za ka sha mamakin surutunta. Abin da ya dame ka ka toshe shi da hannu, abin da ya karya wani aiki ka sake shi. Misali in googleadservices.com na toshe, sakamakon farko masu talla a binciken Google ba za su buɗe ba, wasu kuma suna buƙatarsu.

Tun fitowar Pi-hole ta 5 a 2020 ana iya raba na'urori rukuni-rukuni, sai ka ware wa wayoyin yara lis mai tsauri, na manya ka sassauta. Kuma duk lis ɗin da ka ƙara, ka buga umarnin pihole -g don ya fara aiki, in ba haka ba sai ka jira sabuntawar mako.